Aro Ta Abeokuta: Inda Aka Mai Da Aikin Yau Da Kullum Magani

Duk wanda ya bar Ikko ta tsohuwar hanyar Abeokuta, ya wuce Agege da Otta da Ifo, ya bar ƙurar masana'antar siminti ta Ewekoro a bayansa, to, kafin ya kai gadar kogin Ogun zai ga wata babbar ƙofa a gefen titi, da manyan itatuwa a bayanta. Nan ne Aro. Tafiyar ba ta fi kilomita 100 ba, amma sunan wurin ya yi nisan da ya fi haka ƙwarai da gaske. A ƙasar Yarabawa in aka ce wa mutum sai an kai shi Aro, ya san abin da ake nufi, kamar yadda Bakano ya san abin da ake nufi da Dawanau in ba zancen kasuwar hatsi ake yi ba, ko kuwa Basakkwace in aka ambata masa Kware.

Da yawa daga cikin masu wannan ba'a ba su sani ba, abin da ya ɗaukaka sunan Aro a duniya kishiyar abin da suke zato ne. Likitocin Turai da na Amurka da suka riƙa yin takakkiya zuwa wannan gefe na Abeokuta sun zo ne su ga masu taɓin hankali zaune a gidajen talakawa, suna zuwa gona da kasuwa, suna ɗebo ruwa, ba mari ba sarƙa, kuma wannan kai da kawowa ita kanta tana cikin maganin da likita ya tsara musu.

Abeokuta kanta gari ne na 'yan gudun hijira. Wajen 1830 ne Egbawa, waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa suka tarwatsa, suka taru a gindin dutsen Olumo a ƙarƙashin jagorancin Sodeke, suka fake cikin kogunansa. Ma'anar sunan garin ke nan, watau ƙarƙashin dutse. Wanda ya hau Olumo zai ga garin shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano ya yi tsatsa ja wur, duwatsu sun ɓullo nan da can tsakanin gidaje kamar giwaye a kwance, kogin Ogun kuma ya ratsa ta yamma. Kusa da gindin dutsen kasuwar Itoku take, inda mata ke sayar da adire, zanen nan da ake ɗaurewa ko a yi wa zane da kunun rogo kafin a tsoma shi a baba. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata ba zai ga baƙon abu ba. In aka haye gada aka faɗa Lafenwa, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga kuma Sabo nan kusa, unguwar Hausawa waɗanda fataucin goro da shanu ya kawo kakanninsu. Daga Lafenwa zuwa Aro tafiya ce ta 'yan mintoci a mota.

ƊAKI DA KWAƊO

Ba a gane girman abin da aka yi a Aro sai an san abin da ake yi kafinsa. Abin da Turawan mulki suka tanadar wa mai taɓin hankali shi ne ɗaki da kwaɗo. Sun buɗe gidan ajiye mahaukata a Kalaba a 1904, suka buɗe wani a Yaba ta Ikko a 1907, cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa, sa'an nan dokar 1916 ta ba da ikon tsare duk wanda aka tabbatar hankalinsa ya gushe. A wurare da yawa, har da Arewa, wani ɓangare na gidan yari akan ware musu. A nan Abeokuta ma, da aka rasa inda za a kai sojojin da suka komo daga yaƙin duniya na biyu da ruɗewar hankali, wani tsohon gidan yari aka karɓa a unguwar Lantoro a 1944, aka kawo ma'aikata daga Yaba su tsare su.

Zaman irin waɗannan gidaje iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ya wayi gari ba abin yi, ya yini jingine da bango, a kawo masa abinci, a zo a ɗauke kwano. Ba ya dafawa, ba ya saye, ba ya sayarwa, ba wanda ke jiran wani abu daga gare shi. Bayan shekara biyar ko goma, ko da ciwon da ya kawo shi ya lafa, ya riga ya manta yadda ake gaisawa da maƙwabci, da yadda ake ƙirga canji, da yadda ake yanke shawarar abin da za a yi da safe. In an sallame shi ba ya iya zama a gida, sai a komo da shi, a ce ciwon ne ya tashi. Daga baya likitoci suka gane cewa wannan zama shi kansa cuta ce ta biyu da ake ɗora wa ta farko, kuma sau da yawa ta fi ta wuyar warkewa.

Gwamnati ta ɗauki niyyar gina asibitin ƙwaƙwalwa na zamani a wani makeken fili a Aro, amma aikin ya yi ta jan ƙafa. A 1954 aka turo wani matashin likita ya shugabance shi, Dakta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham, ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan ƙwarewa. Ya iso ya tarar da ɗakunan kwanciya ba su kammala ba, marasa lafiya kuwa ba su jira magina. Wani da sai ya zauna yana rubuta wa Badun takardun tuni. Shi sai ya nufi dattawan ƙauyukan da ke kewaye da filin, ya roƙe su su ba majiyyatansa hayar ɗakuna a cikin gidajensu.

Ba ƙaramar magana ba ce ya kai musu. Wa zai yarda a kawo masa mahaukaci ya kwana ɗaki ɗaya tsakaninsa da 'ya'yansa? An sha zama kafin a daidaita, kuma ba da baki kaɗai aka shawo kansu ba. Asibiti ya ɗauki alkawarin jawo musu ruwan famfo, da haƙa masai, da sa ma'aikata su yaƙi sauro. Ya ba masu gidaje rance su ƙara ɗakuna, ya ɗauki 'ya'yan ƙauyen aikin lambu da dako, ga kuma kuɗin haya da na cefane da za su riƙa shigowa. Aka kafa majalisa inda dattawa da ma'aikatan asibiti ke zama lokaci lokaci a saurari koken kowa. A watan Oktoba na 1954 aka soma, a hankali shirin ya game ƙauyuka huɗu, watau Aro da Ope-Oluwa da Olomore da Idi-Ori, har ya zama ana iya saukar da majiyyata tsakanin 200 da 300 a lokaci guda.

Sharaɗin farko shi ne, ba a karɓar mutum shi kaɗai. Tilas ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo ko ƙane, wanda zai zauna tare da shi, ya dafa masa abinci, ya wanke masa tufafi, ya raka shi asibiti da safe, ya komo da shi. Akwai malamin asibiti a cikin ƙauyen dare da rana saboda ko-ta-kwana. Da safe ake yin abin da ya shafi likita: allura da ƙwayoyi, da maganin girgizar lantarki ga waɗanda suke bukata, da zaman tattaunawa. An yi sa'a kuwa, domin a 1952 aka gano a Faransa amfanin ƙwayar nan da ake kira Largactil, wadda ke kwantar da firgita da jin muryoyi, ita ce ta sa ya yiwu a bar mutane da yawa ba kulle. Sauran yinin kuma na aiki ne.

ABIN DA AIKI KE YI WA MAI CIWO

A nan ne ya kamata a dakata, domin wannan rabin yini na biyu shi ne mutane suka fi rainawa. Akwai wani fanni na aikin asibiti da ake kira jiyya ta hanyar aiki. Ba likita ke yinsa ba, ba kuma nas ba, yana da malamansa da makarantunsa. An kafa ƙungiyarsu ta farko a Amurka a 1917, fannin ya bunƙasa wajen kula da sojojin da suka naƙasa a yaƙin duniya na ɗaya, aka kafa tarayyarsu ta duniya a 1952. Kalmar aiki a bakinsu ba sana'ar neman kuɗi kaɗai take nufi ba. Tana nufin duk abin da ke cika wa ɗan Adam yininsa tun daga tashi har kwanciya: wanka, sa tufafi, alwala, girki, shara, cefane, hira a dandali, zuwa suna ko jana'iza, sa'an nan noma ko ɗinki ko koyarwa. Likita yana tambaya ne, wace cuta ke damun wannan mutum? Malamin jiyyar aiki kuwa tambayarsa ita ce, mene ne wannan mutum yake bukatar yi da kansa wanda ya kasa, kuma me ya tsaya tsakaninsa da yinsa?

Dalilin da ya sa ake bukatar tambaya ta biyu shi ne, ƙwaya ba ta amsa ta. A ɗauki ciwon nan da likitoci ke kira sikizofireniya, mai raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi. Yana da fuska biyu. Ɗaya ita ce wadda kowa ya sani, jin muryoyi da zargin mutane da sambatu, kuma magani yakan kwantar da ita cikin makonni. Ɗayar kuwa shiru take zuwa: mutuwar zuciya, rashin himma, ƙin shiga mutane, kasa haɗa hankali a kan abu ɗaya. Ita wannan ƙwaya ba ta cika taɓa ta ba, wani lokaci ma nauyin magani ƙara ta yake yi. Shi ya sa dangi kan ce, ai ya warke, ya daina surutu, amma ga shi nan sai zama. Wanda yake sai zama kuwa, ya daina tsoratar da gida ne kawai, nauyinsa yana nan a wuyan wani.

To, yadda ake ɓullo wa abin shi ne a farfasa aiki ƙanana ƙanana, a hau shi kamar tsani. A ɗauki misalin mace mai sayar da kayan miya, wadda ciwo ya zaunar har ta daina wanka. Ba za a ce mata gobe ta koma kasuwa ba. Matakin farko ta tashi a kan lokaci, ta yi wanka, ta share ƙofar ɗaki. In wannan ya zauna, sai a ba ta tsintar wake ko feren rogo tare da sauran mata, aikin da hannu ya sani tun tana yarinya, wanda kuma ke sa ta zauna cikin mutane ba tare da an tilasta mata magana ba. Daga nan ta raka uwarta cefane. Daga nan a ƙirga mata kuɗi ta tafi ita kaɗai, ta sayo abu uku, ta kawo canji daidai. A ƙarshe a kasa mata ɗan tire a ƙofar gida. Kowane mataki magani ne, kuma awo ne. Mai lura yana duban minti nawa take yi kafin hankalinta ya tafi wani wuri, ko tana bin aiki daki daki ko tana tsallake, ko hayaniyar kasuwa na firgita ta, ko hannunta na rawa saboda magani, abin da zai koma ya gaya wa likita a rage ko a sauya.

Gwanintar tana wajen auna nauyin matakin. In ya yi sauƙi da yawa, mutum ya ga an mai da shi yaro, ya yi zuciya. In ya yi wuya, ya kasa, kasawar ta tabbatar masa da abin da zuciyarsa ke gaya masa, cewa shi kam ya ƙare. Akwai kuma zaɓen aikin da ya dace da mai shi. A asibitocin Turai na wancan zamani an yi suna da sa majiyyata saƙar kwando, akawu da manomi da malamin makaranta duk kwando, abin da ba wanda zai komo gida ya ci abinci da shi. Fifikon Aro a nan yake. Ba a ƙirƙiro wa kowa aikin wasa ba, domin aikin gaske yana nan a ƙofar ɗaki. Manomi ya bi mai gidansa gonar rogo da masara, mace ta shiga cikin masu tuyar gari, mai sana'ar hannu ya sami abokin sana'a. In ya yi kuskure, maƙwabci ne zai gyara masa, in ya yi daidai, a kasuwa za a biya shi. Kuma ranar da aka sallame shi, ba daga wata duniya dabam zai fito ba, daga ƙauye zai koma ƙauye, tare da wanda ya ga yadda aka bi da shi tun daga farko, ya kuma koyi alamun da ke nuna ciwo na shirin tashi.

Wani zai ce, to, ai a gidan yari ma ana sa mutane aiki, a gidajen masu maganin gargajiya ma majiyyata na yi wa mai gida noma. Gaskiya ne, kuma tambayar tana da kyau. Bambancin yana wajen wanda aikin ke yi wa amfani. In an sa mutum noma don rumbun wani ya cika, ba a duba ko ya iya ko ya gaji, ba kuma ranar da za a ce ya isa ya tafi, wannan bauta ce ko da me aka kira ta. Aikin jiyya kuwa don mai yinsa aka tsara shi, da yardarsa, ana auna shi ana ƙara masa nauyi, kuma inda aka nufa da shi ita ce ranar da mutum ba ya bukatar mai lura. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, to, wannan guntun gatari ake ƙoƙarin mayar wa mutum a hannunsa.

Da yake an ambaci masu maganin gargajiya, Dakta Lambo bai kore su ba. Ya jawo waɗansu daga cikinsu ya yi aiki tare da su, abin da ya ɓata wa waɗansu abokan aikinsa rai ƙwarai. Hujjarsa ita ce, majiyyaci da danginsa sun riga sun yarda da su, kuma sun san harshen da za su yi wa mutum bayanin ciwonsa ya natsu. Bincike ya kuma nuna cewa saiwar wani itace da Yarabawa ke kira asofeyeje, wadda suka daɗe suna ba masu hauka, tana ɗauke da sinadarin da ke kwantar da hankali da gaske. Abin da bai karɓa daga gare su ba shi ne mari da bulala.

Labari ya bazu. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka duka a nan Abeokuta. Masana suka riƙa kwatanta Aro da garin Geel na ƙasar Beljiyam, inda mutanen gari suka yi ɗaruruwan shekaru suna saukar da masu taɓin hankali a gidajensu. Shi Lambo ya koma Jami'ar Badun ya zama farfesa, ya shugabanci jami'ar, daga bisani ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Dakta Tolani Asuni ne ya riƙe asibitin har zuwa 1976, a 1979 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Aro cikin cibiyoyin da take haɗa kai da su wajen bincike da horarwa.

Ba a ce shirin ba shi da aibu ba. Ya fi dacewa da wanda ciwonsa bai kai ga duka ba, wanda kuma yake da dangin da za su iya barin gida wata da watanni. Nauyin rakiyar, kamar kullum, a kan mata ya fi faɗawa. Sa'an nan rahotannin da suka nuna majiyyatan ƙauye sun fi saurin warkewa, sun kuma fi jimawa ciwo bai komo ba, ba a yi su da irin tsananin awon da masana ke bukata yanzu ba, ko da yake abin da aka gano daga baya a ƙasashe da yawa game da jiyya a cikin jama'a ya goyi bayan hanyar da aka bi.

GARI YA CINYE ƘAUYE

Wanda ya je Aro yau yana neman waɗancan ƙauyuka, sai dai a nuna masa unguwanni. Da aka ƙirƙiro Jihar Ogun a 1976 aka mai da Abeokuta babban birninta, sai gari ya haye kogi ya yi ta tafiya yamma. Gonaki suka zama filotai, Olomore ta cika da rukunin gidaje da kantuna da tashoshin mota. Mai ɗakin haya ya sami ma'aikacin gwamnati mai albashi, me zai yi da mara lafiya? Ita ma 'yar'uwar da za ta yi rakiya yanzu tana da aikin da ba za a ba ta hutun wata uku ba. Haka shirin ya yi ta ja da baya, ba tare da wani ya tsai da ranar rufe shi ba. Ga alama abin da ya ba shi ƙarfi, watau zaman ƙauye mai arha inda kowa ya san kowa, shi ne abin da zamani ya fara ɗaukewa.

Asibitin kansa yana nan, ya ma ƙara girma. Na Gwamnatin Tarayya ne, yana da ɗaruruwan gadaje, da makarantar horar da nas-nas, da sashen masu fama da shaye-shaye wanda aka buɗe tun 1983. Aikin da gona da kasuwar ƙauye suka yi a da, yanzu ya koma cikin harabar asibiti, a sashen jiyya ta hanyar aiki. A irin wannan sashe akan tarar da keken ɗinki, da kayan saƙa da na rini, da bencin kafinta, da wurin koyon girki, da ɗan lambu, akan kuma koya wa mutum yadda zai tsara kuɗinsa, ya shiga mota shi kaɗai, ya riƙe lokacin shan maganinsa, ya amsa wa wanda ya tambaye shi ina ya shiga kwana biyu. Tsanin dai shi ne, illa dai an kafa shi a cikin gida maimakon a fili.

Ba kuma masu taɓin hankali kaɗai wannan fanni ke yi wa aiki ba. A asibitocin ƙashi irin na Igbobi a Ikko da na Dala a Kano, da manyan asibitocin koyarwa, irin waɗannan malamai ne ke karɓar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko wanda ya rasa hannu a haɗarin mota. Dabarunsu ƙanana ne, har mutum ya yi mamakin yadda bai yi tunaninsu ba. A naɗe ƙotar cokali da roba ta yi kauri, hannun da ba ya damƙa ya iya riƙewa. A koya wa mutum ya fara zura hannun da ya mutu cikin riga kafin mai lafiyar. A kafa masa ƙarfen dafawa a bayan gida, a sa kujera mai rami a kan masai, a sassabe dokin ƙofar da ke hana keken guragu shiga zaure, a rataye buta yadda zai yi alwala da hannu ɗaya. Dattijon da ya shekara 60 ba wanda ya ga tsiraicinsa, ranar da ya sake shiga bayan gida shi kaɗai ya ja ƙofa, shi ya san abin da aka mayar masa.

Matsalar ita ce ƙarancin masu yin aikin. An kafa hukumar da ke yi musu rajista a 1988, akwai makarantar tarayya da ke horar da su a Oshodi ta Ikko tun farkon shekarun 2000, Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife kuma tana ba da digiri a fannin. Duk da haka, in aka auna su da jama'ar da ta haura miliyan 200, ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu kuma a manyan biranen kudu suke, waɗansu sun tafi ƙasashen waje. Inda babu su, iyali kan koma ga abin da suka sani. A 2019 'yan sanda sun buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura da Ilori da Badun, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa, shekara 65 bayan an nuna a Aro cewa ana iya yi ba da ita ba. A farkon 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci da kula da shi a cikin jama'a. Dokar ta yi kyau a takarda, saura ma'aikata da kuɗin da za su mai da ita aiki a ƙananan hukumomi.

Kafin baƙo ya bar Abeokuta, ya kamata ya sake haye kogi ya leƙa Lantoro, inda abin ya faro. Tsohon gidan yarin nan na 1944 har yanzu reshe ne na asibitin Aro, kuma a nan ne akan ajiye waɗansu daga cikin waɗanda zamansu ya yi tsawo, har da waɗanda kotu ta aiko. A cikin masu dogon zama a asibitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan akwai waɗanda likita ya sallama tuntuni, sun koyi ɗinki ko aikin katako, suna wanka da wanki da kansu, suna iya ƙirga canji. Waɗanda suka kawo su ne suka bar adireshin da ba a samu ba, ko suka ce za su je su dawo. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibiti sukan bi sawu gari gari suna cigiyar dangi, wani lokaci a dace, wani lokaci a tarar an sayar da gidan an tashi.